Tsohuwar na'urar gem don gida: wacce za a saya, kuma waɗanne wasanni ne suka cancanci nema?

Abdul-Mumin, Asawase:
Salamu alaikum. Ga tambaya ga masu ido a harkar gem. Gida ne mai yara huɗu, daga shekara 8 zuwa 15, da talabijin na bango mai HDMI da ramukan AV. A cikin kayan gwanjo da ake samu a kasuwannin Adum da Kejetia a Kumasi akwai Sega, Super Nintendo, PS1 da PS2. Wacce ce za ta jure, kuma waɗanne wasanni za a fara nema?

Malam Issaka mai gyara, Aboabo:
Wa alaikumus salam, ƙanena. PS2 za ka saya. Tana karanta faifan PS1, kayan gyaranta na nan a kasuwa, hannunta kuma bai yi wuya ba. Amma kafin maganar wasa, juya na'urar ka karanta takardar da ke manne a bayanta. Lamba ce mai farawa da SCPH, kuma adadin ƙarshe shi ne ke faɗa maka inda ta fito: 1 Amurka, 0 Japan, 3 Ingila, 4 sauran Turai. Wutarmu 230V ce. Babbar PS2 mai kauri da ta fito daga Amurka 120V take ci, ta Japan 100V, kuma gidan wutarta a ciki yake. Ka cusa ta kai-tsaye a soket, fis ya tafi nan take, wani lokaci har da babbar kafasitar da ke kusa da shi. Yawancin masu kaurin da ake kawo min a mace wannan ne ya kashe su. Idan dole sai ta Amurka, haɗa ta da taransifoma mai rage wuta na 150W, ka ɗaure wayar da salatif a jikinsa don kada yaro ya zare ya kai bango.

Siririyar farko, wato jerin 70000 da ta fito a 2004, adaftarta a waje take, tana ba da 8.5V. Ta asali tana karɓar 100V zuwa 240V, don haka ba ruwanta da ƙasar da ta fito. Matsalar ita ce 'yan kasuwa kan haɗa ta da adafta ta jabu marar nauyi. Alamarta: wasa na tafiya, faifai ya ɗauki gudu, sai na'ura ta mutu ta sake tashi.

Faifai ma yana da ƙasa. Duba gefen kwali ko fuskar faifan: SLES da SCES na Turai ne, SLUS da SCUS na Amurka. Na'urar da ba a taɓa cikinta ba ba ta karɓar na wani yanki. Ni dai mai ƙarewa da 3 ko 4 nake ba mutum shawara, wuta ta dace, launi ya dace da PAL ɗin talabijin ɗinmu.

Fuseini, Sawaba:
Malam ya gama da ƙarfe, bari in shiga wasa. Na farko Pro Evolution Soccer 6 na 2006, shekarar da Black Stars, 'yan ƙwallon ƙasar Ghana, suka fara zuwa gasar cin kofin duniya a Jamus, kuma Ghana na cikin ƙasashen da za ka iya ɗauka. Abin da ya sa har yau ake komawa gare shi: ƙwallo tana da nauyi, ba ta manne wa ƙafa, wanda ke danna gudu koyaushe sai ya yi ta asarar ta. Dokar da kowane ɗakin gem ya sani ita ce a hana ɗaukar ƙungiyar Inter Milan, saboda ƙarfin bugun Adriano 99 ne, daga wajen da'ira yake zura ta. Don yaro mai haƙuri a buɗe masa Master League, sashen da kake gina ƙungiyarka, da 'yan wasan farko, su Castolo da Minanda da Ivarov a raga. Da kuɗi kaɗan zai fara daga rukuni na ƙasa, ya koyi saye da sayarwa.

A wasan faɗa, Tekken 5 na 2005. A cikin faifan akwai Tekken 1, 2 da 3 irin na gidan wasa, kenan huɗu ka saya da kuɗin ɗaya. Na mota, Burnout 3 na 2004 idan ana son gudu da karo a allo rabe biyu, Gran Turismo 4 idan ana son tuƙi na gaskiya da jarrabawar lasisi. Idan faifan Turai ya tambaye ka 50Hz ko 60Hz a farko, kamar yadda Tekken 5 ke yi, zaɓi 60. Talabijin na bango zai ɗauka, motsi kuma ya fi santsi.

Anti Rukaya, Tafo:
Abdul-Mumin, ka ce akwai ɗan shekara 8. Masu sayarwa za su tura maka GTA San Andreas da God of War domin su ne ke tafiya. Duka biyun na manya ne, akwai zagi, jini da tsiraici. Duba kusurwar ƙasa ta kwali: na Turai lamba suke sawa, 3, 7, 12, 16 ko 18, na Amurka harafi, M na nufin daga shekara 17. Idan faifan ba shi da kwali, kada ka dogara da bakin mai shago, bincika sunan a waya kafin ka biya.

Waɗanda na ga suna riƙe yara ba tare da rigima ba: Lego Star Wars II na 2006, domin na biyu yana iya shiga ya fita a tsakiyar wasa, kuma mutuwa ba ta mayar da kai baya, ƙaramin ba zai yi kuka ba. Jak and Daxter na farko, 2001, ba ya tsayawa lodi tsakanin wurare. Ratchet & Clank, 2002. Sai Crash Team Racing na PS1, 1999, wanda mutum huɗu ke yi lokaci guda. Wannan na ƙarshe shi ne maganin gida mai yara huɗu, amma sai da akwatin ƙara hannu da ake kira Multitap.

Malam Issaka mai gyara, Aboabo:
Anti ta taɓo inda ake asarar kuɗi. Multitap iri-iri ne. SCPH-10090 na mai kauri ne, ba ya shiga siririya, kuma ba ya aiki da wasannin PS1. A kan mai kauri, Crash Team Racing sai da Multitap ɗin PS1 kansa. SCPH-70120 na siririya ne, shi kam yana ɗaukar na PS1 da na PS2 duka. Haka memori: wasan PS1 ba ya ajiya a kan memorin PS2 mai 8MB. Sai ka nemi memorin PS1 mai gurbi 15. Mutane da yawa suna kawo na'ura wai ta ƙi ajiya, alhali katin ne ba nata ba.

Baba Tanko, Alabar:
Yarana, duk kun bi PS2, ba ku yi laifi ba. Amma a riƙa faɗin gaskiyar kaset. Mega Drive ta Sega ba ta da idon karanta faifai mai gajiya, ba ta da injin juya faifai, ba ta da fanka mai zuƙar ƙura. A lokacin hunturu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka sa kaset, ka kunna, wasa ya tashi. Streets of Rage 2 na 1992, mutum biyu gefe da gefe, har yau ban ga wanda ya fi shi a irinsa ba. Axel ga mai koyo, Max ga wanda ya iya kamu da jifa. Sonic 2, shi ma 1992: ba wa ƙaramin yaro hannu na biyu ya riƙe Tails, ba ya ƙarewa, in ya faɗi rami ya dawo ta sama. Gunstar Heroes da Shinobi III, duka 1993. Don Street Fighter II nemi hannu mai maɓalli shida, domin a mai uku sai ka riƙa danna Start kana sauya naushi da shuri.

Wani zai ce ai akwai Sega Mega Drive Collection a PS2. Akwai, yana da Sonic, Golden Axe da Shinobi III, amma babu Streets of Rage ko ɗaya a ciki.

Hattara da abin da ake kira Sega a kasuwa alhali ba ita ba ce. Idan kaset ɗin ƙarami ne rawaya, an rubuta wasanni dubbai a jikinsa, kwaikwayon Famicom ce, tsohuwar na'urar Nintendo mai 8-bit. Wasannin ba su wuce kaɗan ba, ana maimaita su da sunaye daban. Contra da Battle City na ciki suna da daɗi, ba musu. Bindigar harbin agwagwa kuwa ba ta aiki a talabijin na bango, sai mai ƙeya.

Malam Issaka mai gyara, Aboabo:
Baba, gaskiya ne, sai dai a kula da adafta, nan ne kaset ke mutuwa. Mega Drive ta farko tana cin DC wajen 10V, 1.2A, kuma tsakiyar bakin wayar negatib ne. Ta biyu bakinta siriri ne mai rawaya, tsakiya fozitib. Adaftar NES, wato Nintendo da ta riga Super Nintendo fitowa, da ta Super Nintendo ta Turai AC suke fitarwa, 9V. Bakin ta NES yana shiga Mega Drive ta farko daidai, shi ya sa ake kuskure, kuma AC a wurin DC ɓarna ce. Karanta ɗan zanen da ke jikin adafta mai alamar + da − kafin ka haɗa.

Kaset da ya ƙi tashi, kada a hura masa iska da baki, danshin ne ke sa haƙoran tagulla su yi tsatsa. Audugar goge kunne da sifirit isopropyl mai ƙarfin 90 ko sama, a goge har audugar ta daina fitowa baƙa, a bari ya bushe. Na Super Nintendo masu ajiya, irin su Super Mario World, Super Metroid da Zelda, batirin CR2032 ne a ciki, an like shi da dalma. Yanzu sun haura shekara 30, da yawa sun mutu. Ana buɗe kaset ɗin da sukuddireba ta musamman mai 3.8mm, na Sega 4.5mm. A sa batiri mai kunnuwa a like, kada a ɗora dalma kan jikin batirin kansa, yana iya fashewa.

Nuru, Sabon Zongo:
Yaya Abdul-Mumin, maganar hoto. Wayar AV mai rawaya a talabijin na bango hoton yana dishi-dishi, rubutu ya yi gashi. Idan bayan talabijin ɗin akwai ramuka kore, shuɗi da ja, sayi wayar component, ita ce ta fi. Idan babu, ƙaramar adaftar PS2 zuwa HDMI. Duka biyun sai ka shiga System Configuration, ka mayar da Component Video Out daga RGB zuwa Y Cb/Pb Cr/Pr. Yi wannan tun kana kan wayar rawaya, domin idan ka riga ka sauya waya allon baƙi za ka gani, ka ɗauka adaftar ce ta lalace. Wani abu kuma: yawancin wasannin PS1 a 240p suke fita, adaftar HDMI mai araha da wasu talabijin ba sa gane shi. Saboda haka kada ka yar da wayar rawaya, Crash Team Racing zai buƙace ta. A talabijin kuma kunna Game Mode, ka sa girman allo 4:3, in ba haka ba 'yan ƙwallon Yaya Fuseini za su fito gajeru masu faɗi.

Don hutar da idon na'ura, akwai Free McBoot, manhajar da ake sawa a memori, da manhajar OPL mai kunna wasa ba faifai, ka kwafe faifanka ka riƙa kunnawa daga ma'ajiya. Ramin USB na PS2 tsohon 1.1 ne, shi ya sa bidiyon cikin wasa ke sarƙewa. Katin SD ta ramin memori, wato MX4SIO, ya fi shi sauri, hard disk a cikin mai kauri ta Network Adaptor ya fi su duka. Siririya jerin 90000 mai lambar kwanan wata 8D zuwa sama ba ta tashi da Free McBoot, 8C kuma wasu na yi wasu ba sa yi.

Abdul-Mumin, Asawase:
Allah ya saka da alheri. Na karkata ga siririya ta Turai. Malam Issaka, me zan gwada a shago kafin in miƙa kuɗi?

Malam Issaka mai gyara, Aboabo:
Je da faifai uku. Na PS1 mai baƙin ciki, na PS2 mai shuɗin ciki wanda CD ne, da na PS2 mai ruwan azurfa wanda DVD ne. Ido yakan gaji a ɗaya ya bar ɗaya, mai shago kuma wanda ke tashi zai nuna maka. Idan ka samu Gran Turismo 4 ya fi, domin hawa biyu ne, ido mai rauni yana fara kasawa a kansa. Bar wasan ya yi minti 20 a kunne, ka ji ko fanka na juyawa.

Bayan haka cire faifan ka duba ƙasansa a haske. Idan ka ga sabon zane zagaye, siririn kebul ɗin da ke bin ido ya ɗago daga gaminsa yana gogar faifai. Gyaransa sauƙi ne, a sake manna shi ko a sa sabo, amma kafin nan zai cinye maka faifai. Rufe murfi ka ɗan danna gefensa: idan sai an danna faifai ke juyawa, 'yan makunnan murfin ne suka ci. Leƙa ramukan iska, ka kuma sunsuna. Kashin kyankyasai ko warin ƙuna, bar ta.

Hannu kuma, juya shi ka ga SCPH-10010, shi ne DualShock 2 na asali. Maɓallansa suna jin ƙarfin dannawa, na jabu da yawa ba sa ji, kuma a Gran Turismo 4 da haka ake taka totur a hankali. Saki sandunan biyu a cikin wasa ka ga ko mutum na tafiya da kansa. Lanƙwasa wayar kusa da inda ta shiga hannun, idan jan fitilar Analog ta ɗauke, wayar ta karye a ciki. A gida kada ka haɗa ta bango kai-tsaye, sa mata irin na'urar da ake sa wa firiji mai jinkirta wuta, domin dawowar wuta bayan dumsor, wato ɗaukewar wuta, ita ke ƙona adafta. In agogonta na komawa shekarar 2000 duk lokacin da aka zare waya, batirin CR2032 na ciki ne ya ƙare. Wasa zai yi, kwanan watan ajiya ne kawai zai rikice, sai ka sa a rage maka kuɗin canza shi.