"An sayar da kare an sayi biri": wadda ta tashi daga ciwon daji ake faɗa wa haka?

Ɗan Gwandu: Assalamu alaikum. Rigima ce ta tashi a gidan maƙwabtanmu a Birnin Kebbi. Uwargidan ta gama maganin sankarar mama, an yi aiki, an yi kemo (ƙarin ruwan maganin daji), an yi gashi (ƙona ciwon da hasken na'ura) a Sakkwato, likita ya ce Alhamdu lillahi. Sai kuma ya ce ta rage gishiri, ta riƙa tattaki, ta dawo a duba zuciyarta. Ran da ta ture miyar da aka marmasa wa dunƙule huɗu, ƙanwar maigida ta ce, "To fa, tsugunne ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri." Uwargida ta fashe da kuka, maigida kuma ya ce ƙanwarsa ba ta faɗi laifi ba. Maganar ta hau nan kuwa?

Malamin Islamiyya, Jega: Ba ta hau ba. Ana faɗarta inda aka yi musanya ba a samu riba ba. Wadda Allah Ya tayar daga wannan ciwo har tana zaɓar abinci, a ce ba ta samu riba ba? Akwai ƙamshin butulci a ciki.

Nas a Gusau: Malam, ƙanwar ba ta iya bakinta ba, amma akwai abin dubawa. Jan ruwan nan da ake sa wa masu sankarar mama, doxorubicin, yana iya raunana tsokar zuciya, kuma illar tana taruwa ne gwargwadon jimillar abin da aka sa wa mutum. Shi ya sa ake lissafa shi: in ya haura miligiram 250 a kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, sai a ƙara sa ido. Trastuzumab, wani maganin sankarar mama, shi ma yana taɓa zuciya, don haka ake hoton eko, wato hoton zuciya, duk wata uku lokacin da ake ba da shi, sai dai nasa raunin yakan warware in an tsaya. Gashi a mama ta hagu kuwa yana iya taɓa jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, abin ya bayyana bayan shekara biyar, goma ko fiye. To birin yana nan, amma biri ne da ake ɗaure wa igiya.

Mai Shago, Talata Mafara: Mu dai a nan an sayar mana da kare an sayo biri ya fi sau uku. An sauya hula, an sauya jam'iyya, ɗakin shan maganin ƙauyenmu har yau ba na'urar awon jini mai aiki. Su in kansu ya sara sai Misira.

Ɗan Gwandu: Alhaji, a dawo kan miya don Allah.

Jikar Mai Fura, Argungu: Ku tsaya ku ji inda kakarmu, Allah Ya jiƙanta, ta aje wagga magana. Kakanmu masunci na, sigari ba ya barin bakinai. Da tari ya matsa mai, sai ya tara gida ya ce ya bar taba har abada, anka yi ta sa mai albarka. Ba a yi sati ba ta ga shina tofar da jan miyau bayan rumbu. Ashe taba gari ya koma, wadda aka haɗawa da kanwa a cusa a leɓe. Ba ta ce mai uffan ba. Ranar kasuwa ta sawo igiya sabuwa dal ta aje mai bisa tabarma. Ya ce, "Wagga fa?" Ta ce, "Ta birin da ka sawo ce, Malam." Tun daga ranar duk unguwa ke kiran batta tai "biri". In ya ɓace ta sai ya aiki yara, "ku nemo min birina."

Malamin Islamiyya: Allah Ya gafarta musu. Kun ga ita mutumin da ya yi cinikin da hannunsa ta faɗa wa. Uwargidan Birnin Kebbi ba ita ta zaɓi komai ba.

Mai Shago: Kakan naku ya daina daga baya?

Jikar Mai Fura: Ina fa! Amma ita kakar tamu ba a nan ta tsaya ba. Ungozoma ce, kuma in ta ga ƙafar mai jego ta kumbura, numfashi na yi mata wuya, sai ta hana ta kunun kanwa da kwanciya bisa gadon wuta. Tsofaffi sunka yi ta faɗa da ita kan ta ɓata al'ada.

Mai Kemis, Yawuri: Kakarku ta ga abin da likitocin Zariya suka rubuta a kansa tun shekarun 1970, ciwon zuciyar masu jego. Kanwa ma sinadarin sodiyam ce, tana riƙe ruwa a jiki kamar gishiri. Wannan ya shafi uwargida kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma lissafin ya haɗa da na dunƙule, yajin tsire, kilishi, burodi da taliyar yara. Dunƙule kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. Inda ake kuskure shi ne a cire gishiri a ƙara dunƙule. A rage a hankali cikin makonni, harshe zai saba, a cike da daddawa, albasa, tafarnuwa da citta. Sannan uwargida ta guji diclofenac da ibuprofen na ciwon jiki sai da izinin likita, suna hawar da jini suna tara ruwa. Taba kuwa, ta sha, ta leɓe, ta hanci ko shisha, duk a bar ta, har hayaƙin ta maigida in yana sha.

Nas a Gusau: Tattakin kuma minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, da saurin da za ta iya magana amma ba waƙa ba. Wadda ta daɗe kwance ta fara da minti 10. A zafin Maris zuwa Mayu a yi shi bayan Asuba. In fita na da wuya, zagayen tsakar gida ya isa. Awon jini: ta zauna minti biyar, ba goro ba shayi rabin awa kafin nan, a auna a hannun ɓangaren da ba a yi wa aiki ba, a rubuta a littafi. In yana kai 140 bisa 90 a kai a kai, sai asibiti. A duba suga da kitsen jini ko sau ɗaya a shekara, musamman mai shan letrozole ko anastrozole, ƙwayoyin da ake bayarwa don hana sankarar dawowa. Mai shan ɗan'uwansu tamoxifen kuwa, in ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ranar za a je, don gudan jini ne ake tsoro. Haka in ƙafafu biyu sun kumbura, ko ba ta iya kwanciya sai ta tara matasai, ko haki daga ɗaki zuwa madafa. Kada a ce gajiyar kemo ce. Takardar da ke ɗauke da sunayen magungunan da aka sa mata da adadinsu, a adana ta, likitan zuciya zai nema.

Ɗan Zuru: Ni fa a wurinmu "tsugunne" ɗin ta mai dabbar ce ba ta dabbar ba. Watau ƙanwar kukan kanta take, girki biyu ya hau kanta.

Malamin Islamiyya: In haka ne a dafa tukunya ɗaya kowa ya ci, maigidan ma ai ya haura hamsin.

Mai Shago: Tukunya ɗaya kowa ya ci? Malam, a kai wa 'yan majalisa wannan huɗubar.

Jikar Mai Fura: Mai Kemis, kifi banda fa? Shi muka fi samu nan.

Mai Kemis: Tambayi mai bandar ko ya barbaɗa gishiri, wasu suna sawa don kada ya lalace. In ya sa, a jiƙa a ruwan ɗumi a zubar da ruwan kafin ya shiga miya. Ɗanyen kifin gulbi dai ya fi, a dafa shi ko a gasa maimakon suya.