Amfilifayar jitar bas ɗina tana ɗauke sauti: in gyara wayar sifikar da kaina ko in kai wa mai gyara?

MaiJitarBas:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku da gaggawa don muna da wasa ranar Asabar. Amfilifayata irin wadda injin da sifikar suke cikin akwati ɗaya ce, mai tiransista, ba mai bawul (kwalaben gilashin nan masu kama da ƙwan fitila) ba. Sifika ɗaya ce mai inci 15, an rubuta om 8 (ma'aunin turjiyar lantarki) a bayanta. Da zarar na kaɗa tsirkiya mai kauri da ƙarfi sai sautin ya yi ƙarara ya ɗauke, in na bubbuga gefen akwatin ya dawo. Na canja kebul, na gwada wata jitar, duk kanwar ja ce. Amma in na sa hedfon sauti tas yake fita. Na kwance sifikar na ga bakin ɗaya daga cikin wayoyi biyun da ke bayanta ya yi sako-sako, ya kuma yi baƙi. Mai gyaran da na yi wa bayani ya ce sifikar ce ta mutu, sai dai sabuwa. Ina da mitar awon lantarki da ƙarfen dalma, amma ban taɓa aikin amfilifaya ba. In sa hannu ko in kai masa?

Mai_Piyano:
Wa alaikumus salam. Kebul ɗin jitarka ne malam, ka canja shi ka huta.

ƊanSolo:
Bawul ɗinka ne suka gaji. Haka tawa ta yi bara.

MaiJitarBas:
Don Allah ku karanta abin da na rubuta. Na canja kebul, kuma babu bawul a cikinta.

Ɗalibin_Lantarki:
Ɗan'uwa kar ka sayi komai tukuna. Sifikar da koyil ɗinta (naɗin siririyar wayar da ke cikinta) ya ƙone ba ta dawowa don an bubbuga akwati. Abin da ke ɗaukewa ya dawo haɗi ne ya saki, kuma tsirkiyar da ka ambata tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa, ita ce ta fi jijjiga akwatin, shi ya sa a kanta matsalar ke fitowa. Ka zare wuta daga bango, ka cire wayoyin biyu daga sifikar, ka sa mita a kan om. Sifika mai om 8 in lafiyarta ƙalau za ta nuna tsakanin 5 da rabi zuwa 7, ba 8 cif ba. Mitar na haɗe, ka tura kwalin sifikar a hankali da yatsu a kewayen tsakiya. In lambar ta tsaya, kuma ba ka ji karce-karce ba, sifikarka na da rai. Sai ka goge bakin wayar, ka matse shi da filaya har ya riƙa shiga da ƙyar. In ya ci wuta sosai, yanke shi ka sa sabo.

Sarkin_Ganga:
Tunda bugu take so, ka samo yaro ya tsaya kusa da ita yana bubbugawa daidai da kiɗa. Ka ga kun ƙara mai ganga a ƙungiya 😂

Tsohon_Makaɗi:
Yaro, ka ji abin da ya same ni kafin ka kai kayanka hannun kowa. Ina da akwati mai sifika biyu, kowacce om 4, an haɗa su a jere, wato om 8 ke nan gaba ɗaya. Waya ɗaya ce ta tsinke a ciki, ba wani abu ba. Na kai wa wani mai gyara, ya ce wayoyin duk sun tsufa, zai sake su. Ashe da ya tashi mayarwa sai ya haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ja da ja, baƙi da baƙi. Sifika biyu masu om 4 in an yi musu haka sun koma om 2, injina kuwa a rubuce yake a bayansa kar a yi ƙasa da 4. A shagonsa da ya gwada a hankali sauti ya fita, har na ce ya ma fi da ƙarfi. Muna tsakiyar wasa, jama'a cike, sai na ji ƙauri, sai hayaƙi. Tiransistocin fitar da sauti duk sun tafi. Na koma masa ya rantse shi yadda ya gani haka ya mayar, wai ni ne na cika murya. Abin da ya fi ci mini rai, daga baya da wani ya buɗe akwatin muka tarar ɗaya sifikar ba tawa ba ce, maganaɗisunta ƙarami, fentin ma daban. Injin nan da shi na yi ƙuruciyata, har yau ban samu mai muryarsa ba. Allah ya isa.

Mai_Piyano:
Subhanallah. Baba ba ka kai shi ƙara ba?

Tsohon_Makaɗi:
Da wace shaida? Ban ɗauki hoto ba, ban rubuta lambar sifikar ba. Yanzu ko fiyus za a canja mini sai na ɗauki hoton ciki, kuma a gabana za a yi.

ƊanSolo:
Nawa ka kashe wajen tada injin?

Tsohon_Makaɗi:
Ya kusa rabin kuɗin sabo, kuma bai koma yadda yake ba.

Mai_Piyano:
An cuce ka sau biyu ke nan. Ni da aka canja mini tiransistoci ko kuɗin sabbin tsirkiyoyin bas bai kai ba.

Mai_Dalma:
To ba duka aka canja maka ba, ko kuma na jabu aka sa maka. In tiransistocin fita suka ƙone sukan ja na gabansu da wasu rezisto, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Baba, abin da aka yi maka bai kyautu ba, amma don mutum ɗaya ya ci amana ba za a ce kowa ya zama mai gyaran kansa ba. Rabin aikin da ke zuwa teburina na waɗanda suka fara taɓawa ne a gida. Wannan ya ɗora ƙarfen dalma a bakin sifika ya daɗe har siririyar wayar da ke bayan wurin ta saki, wancan ya bar silin waya ɗaya ya taɓa ɗan'uwansa, yana kunnawa injin ya tafi. Mai tambaya ya ce bai taɓa yi ba. Ga kuma kafasita da ke riƙe wuta ko an zare fulogi.

Ɗalibin_Lantarki:
Oga, ai ban ce ya buɗe cikin injin ba. Kafasitocin suna can ciki, shi kuwa a bayan sifika zai tsaya, ba wuta a jiki. Matse bakin waya ba ya buƙatar dalma ma. Kuma abokin sana'arka ne ya yanke wa sifika hukuncin mutuwa bai ko gan ta ba.

Mai_Dalma:
Kai a littafi ka karanta, ni hannuna ya san aikin. Ka ma manta da ramin hedfon. A irin waɗannan da yawa wayar sifika ta cikinsa take bi, akwai ɗan ƙarfen da ke yanke sifika in an soka hedfon. In ya yi datti ko ya saki, daidai wannan ciwon yake kawowa, har da dawowa in an bubbuga. Wannan kuwa sai an ciro injin.

Ɗalibin_Lantarki:
Wannan gaskiya ne, na yarda. Amma a fara da abin da ido ya gani ya yi baƙi.

Tsohon_Makaɗi:
Duk wanda bai taɓa asarar injin ba a tsakiyar wasa, shawararsa ta baki ce kawai.

MaiJitarBas:
Na gode ƙwarai. Na auna, mita ta nuna 6.2. Na matse bakin wayar ya kama gam. Sai dai in na tura kwalin ciki lambar takan yi tsalle ta ɓace, in na saki ta dawo. Babu karce-karce. Mene ne wannan kuma?

Mai_Dalma:
Ka haska fitila ka duba sirara biyun nan masu kama da kitso, da suka tashi daga bakin sifika suka shiga kwali. Ɗaya ta kusa tsinkewa. Ba a cika su da dalma, in suka sandare nan da nan suke sake karyewa. Sabuwa ake sawa, a bar mata ɗan lanƙwasa. Aikin mai naɗin sifika ne, kuma da sauƙi sosai a kan sayen sabuwa.

ƊanSolo:
Wane sauƙi? Ni da na kai tawa, da na haɗa lissafi gara da sabuwa na saya.

Mai_Dalma:
Kai koyil aka sake maka da kwali, shi waya ce kawai.

Uwar_Ƙungiya:
Ni tambayata, ka ba wani aron ta kwanan nan? Don mu abin da ke kashe mana kaya ke nan. A zo a ce dare ɗaya ne, a dawo maka da ita ana murmushi, sai ranar wasa ka gane an yi mata aika-aika. Namu akwatin da aka ara, da kebul ɗin jita suka haɗa shi da injin don bakinsu iri ɗaya ne. Silin da ke cikin kebul ɗin jita siriri ne, ba a yi shi don ɗaukar ƙarfin sifika ba. Ya yi zafi ya narke a ciki, kuma ba wanda ya ce mana uffan.

Ɗalibin_Lantarki:
Shi ya sa na fi son bakin Speakon, wato bakin kebul na musamman na sifika, ba yadda za a yi a soka kebul ɗin jita a ciki, kuma yana kullewa.

Tsohon_Makaɗi:
Hajiya kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Wani ya ari injina mai bawul ya kunna shi ba sifika a jiki yana ta kaɗawa, wai yana neman inda sauti ya maƙale. Mai bawul ba a yi masa haka, taransifomar fita ce ke tafiya. Kuma in ka hana aro a ce ka cika rowa.

Sarkin_Ganga:
Baba ashe da ni kake, ni da na ari sandunan ganga kawai 😂

Uwar_Ƙungiya:
Ba wasa ba ne. Ni yanzu duk mai son aro sai dai ya ɗauki yaronmu ya je ya haɗa masa, ya kuma kwance da hannunsa.

MaiJitarBas:
E, na ba wani abokina aro watan jiya, amma ban ce shi ne ba. Oga Mai_Dalma, na haska na ga ɗayar ta yi gashi-gashi dab da kwali. In na lallaɓa ta da murya ƙasa-ƙasa za ta kai ni Asabar, ko in nemi aron wani akwatin mai om 8 in haɗa?

Mai_Piyano:
Bayan duk abin da aka faɗa a nan, wa kake ganin zai ba ka aro?

Uwar_Ƙungiya:
Ka fara kiran abokin naka ka tambaye shi a ina ya kunna ta, kuma wa ya riƙe masa maɓallin murya.