Jak mai kwalba ko mai almakashi: wanne ya dace da mota mai ƙasa-ƙasa?

Alhaji mai Accord, Gyaɗi-Gyaɗi:
Assalamu alaikum. Ina nan a kan bakana cewa jak mai kwalba, wanda ke aiki da mai, shi ya kamata kowane mai mota ya ajiye a but, domin ko na tan 2 ne yana ɗaga mota ba tare da mutum ya yi gumi ba, alhali mai almakashi sai an yi ta murɗa shi a cikin rana, kuma da zarar zarensa ya cinye to ya tashi aiki.

Bakanike, Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Babu mai musun ƙarfinsa, sai dai ƙaramar mota ba ƙarfi take nema ba, tunda kusurwa ɗaya kawai ake ɗagawa, kuma Corolla gaba ɗayanta ba ta kai tan 2 ba. Matsalar tsayi ce. Mai kwalba yakan kai wajen santimita 18 tun kafin a fara buga shi, shi kuwa mai almakashi idan ya kwanta bai wuce kamar santimita 10 ba. Mutane sukan gwada jak a kasuwa taya tana cike da iska, su ga ya shiga, su biya. Ranar da aka yi faci, mota ta sauka a kan wili, sai a tarar babu inda zai shiga.

Alhaji mai Accord:
Wannan ai yana da magani, Malam. Ka ajiye guntun katako mai kauri, ka hau kansa da tayar da ta sace, mota ta ɗaga, jak ya samu wuri.

Bakanike:
Dabarar tana yi, Alhaji, amma tafiya a kan tayar da ba iska tana cin gefenta, kuma ba a nan matsalar ta tsaya ba. Ka leƙa ƙarƙashin ƙofa, za ka ga wani siririn ƙarfe a tsaye mai alamar yanka, bayan tayar gaba da kuma gaban tayar baya. Nan kamfani ya tanada domin sa jak. Kan jak mai almakashi yana da tsaga wadda ƙarfen ke zama a ciki daram. Kan mai kwalba kuwa ɗan ƙarami ne, zagayayye, yana lanƙwasa ƙarfen, fenti ya fashe, damina ta zo tsatsa ta kama, wani lokacin ma ya zame.

Hajiya mai Corolla, Rijiyar Zaki:
Ku gafarce ni, tawa motar daga Kwatano ta zo ba jak a cikinta, kuma ni kaɗai nake kai yara makaranta. Mai sayarwa ya nuna mini mai tayoyi irin na masu faci, na siririn baki, ya ce zai shiga ko'ina. Ya shiga kuwa, amma da ƙyar na iya ɗaga shi, ga shi zai cinye wurin kaya.

Bakanike:
Hajiya, wannan na gareji ne, domin tayoyinsa sai a kan siminti suke tafiya yayin da mota ke ɗagawa, kuma a gefen titin Wudil ko na Zariya, inda ƙasa take da rairayi, nutsewa yake yi. Ki nemi mai almakashi na tan 1.5 mai faɗin gindi da kaurin zare, ki riƙa shafa masa giris. Kafin ki biya, a sace iskar taya ɗaya a gabanki a ga ya shiga, sannan a ga ya ɗaga har sifiya mai cike da iska za ta iya shiga, domin wasu gajeru ne.

Alhaji mai Accord:
Na yarda da batun tsagar, amma yawancin masu almakashin da ke kasuwa yanzu ƙarfensu kamar gwangwani ne, kuma ba zan amince wa irinsu da motata ba.

Bakanike:
Shi ya sa nake tura mutane wajen masu kayan Beljiyam su nemi ainihin wanda ya fito daga irin motarsu. Kuma kowanne aka saya, a ja birkin hannu, a sa dutse a tare tayar da ke kusurwar da ke kishiyar wadda za a ɗaga, a sa katako a ƙarƙashin jak idan ƙasa da taushi, kada kuma kowa ya shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita.