Fiyano mai kaɗa kansa: zai maimaita kiɗan da ƙanena ya bari a filash?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen wanda ya taɓa riƙe abin nan da hannunsa. Ƙanena ya rasu wata bakwai ke nan. Makaɗi ne a wani situdiyo a Kano, a kan fiyanon lantarki na Yamaha PSR yake aiki. Da muke haɗa kayansa muka tsinci filash mai fayil 43, kowanne ƙarshen sunansa .mid. To wani dillali a Abuja ya nuna min fiyano na katako, Yamaha Disklavier, tsayayyen nan da ake jinginawa da bango, wanda maɓallansa ke motsi da kansu. Na hannu ne, tsohon yayi, har da ramin fulofi, faifan kwamfuta na da. Ya ce miliyan 6. Burina Hajiyarmu ta zauna ta ga maɓallan suna sauka kamar yadda yatsun ɗanta suka sauke su. Shin zai karanta fayil ɗin nan? A Kaduna za a ajiye shi.

Sani Situdiyo:
Allah ya jiƙansa da rahama. Yaya, miliyan 6 a fiyano? Ka zo Kano in raka ka, da ƙasa da miliyan ɗaya za ka samu PSR mai kyau, ka soka filash ka ji komai.

Maman Sadiq:
Allah ya gafarta masa. Malam Sani ba ka karanta ba, ba jin sauti yake nema ba, motsin maɓallai yake so Hajiya ta gani.

Ɗan Tudun Wada:
Wani otal da na yi aiki a Abuja akwai irinsa. Daren farko da aka kunna shi, maigadi ya leƙo ya ga kujera ba kowa, kiɗa na tashi, ya watsar da tocila ya yi waje yana a'uziyya. Sai da manaja ya biyo shi har bakin titi.

Injiniya Bello:
Allah ya sa ya huta. Baban Ilham, ka yi sa'a da .mid ne. Da MP3 ne da magana ta ƙare, don MP3 sauti ne kawai. Shi .mid, wato MIDI, umarni ne: wane maɓalli, yaushe, da wane ƙarfi, daga 1 zuwa 127. A ƙarƙashin kowane maɓalli cikin 88 akwai ɗan maganaɗisun lantarki da ke tura shi, gudumar ta bugi tsirkiya ta gaske. Sai dai ka lura da abu biyu. Disklavier ya fito a Amurka a 1987, kuma na farko-farkon nan tsarin Yamaha suke karantawa mai suna E-SEQ, a fulofi mai 720KB, sai an juya fayil ɗin a kwamfuta. Waɗanda suka biyo baya ne suka fara karɓar fayil ɗin MIDI kai tsaye. Ka sa dillalin ya ɗauko maka hoton lambar samfurin. Na biyun ya fi damuna. Fayil na PSR layi 16 ne, ganga a layi na 10, ga bes, ga sarewa. Fiyanon layin da aka ba shi kawai zai taɓa. Kuma jan sautin nan da makaɗanmu ke yi da ɗan tayan gefe, ya fito kamar algaita, tsirkiya ba ta yin sa. In marigayi da sarewa ya fi zuba waƙarsa, abin da za ka ji ba zai yi kama da shi sosai ba.

Alhaji Na Barnawa:
Ɗana, ka saurare ni, ni na sha wannan ruwan. Shekara huɗu da suka wuce na sayo irinsa daga Amurka saboda 'yata da ke koyo. Wata uku yana tashar jirgin ruwa, ejan yana ta kawo sabon lissafi, sai da kuɗin fito da shi ya kusa kamo kuɗin sayensa. Da ya iso, yaron da ya zo haɗawa bai duba bayansa ba. An rubuta 120V ɓaro-ɓaro, mu kuwa 230 muke. Ya soka a bango, muka ji ɗas, sai ƙauri. Ko sau ɗaya bai kaɗa kansa a gidana ba. Na ce to, a bar shi yarinya ta riƙa taɓawa da hannu. Hunturu ya shigo. Wata safiya ina karin kumallo na ji ƙara kamar an karya rake, na zagaya baya, allon katakon ya tsage, tsagar har tsinken tsintsiya yana shiga. Maɓallai shida suka saki suna ƙwas-ƙwas. Na nemo mai gyara daga Legas, na biya masa jirgi da masauki, ya kwance akwatin wutar ya ce zai kai shago, sati biyu. Yau shekara uku, wayarsa a kashe. Fiyanon yana nan a falo, uwargida ta shimfiɗa masa leshi ta jera hotunan biki. 'Yar tawa ta daina zancen kiɗa gaba ɗaya, wannan ne ya fi ci min rai, ba kuɗin ba.

Maman Sadiq:
Subhanallahi. Alhaji Allah ya mayar da alheri. Nawa ka saye shi a can?

Alhaji Na Barnawa:
Dala 4,500 Hajiya, kafin jirgi da fito.

Dauda Jos:
Miliyan 6 ta yi yawa ga mai fulofi. Bara wani coci a nan suka sayar da nasu miliyan 2 da rabi.

Habu Landan:
Wannan ko dai matacce ne. Mai lafiya ba ka samunsa haka, ni da idona na ga ana neman sama da miliyan 15 a Legas. Ku je ku ji kuɗin Spirio, fiyano mai kaɗa kansa na kamfanin Steinway da ya fito a 2015, ya haura dala dubu ɗari. Ni shawarata ya sayi fiyano zalla a saka masa na'urar PianoDisc ko QRS mai sa shi ya kaɗa kansa, da waya ake sarrafa su.

Dauda Jos:
Wa zai saka masa a Kaduna? Yanka katakon ƙarƙashin maɓallai ake yi fa. Malam Habu kana Landan inda danshi ke zaune shekara duka, kana ba mutumin Kaduna shawara. Shekara 19 ina saita tsirkiyar fiyano. Katakon nan danshi wajen kashi 45 yake so, hunturunmu kuwa leɓe ma tsagewa yake. Sai da na'urar danshi a ciki, ɗaki a rufe, nesa da taga, a saita shi sau biyu a shekara.

Habu Landan:
To ai kai saiti ka sani, ba lantarki ba. Injiniya ne kaɗai ya yi maganar da aka tambaya.

Injiniya Bello:
Ni ban taɓa kwana da shi a gida ba, wanda na gyara guda biyu ne. Maganar Malam Dauda gaskiya ce. Ramin fulofi kuma ana cire shi a sa mai karɓar filash, ba tsada.

Ɗan Tudun Wada:
A haɗa masa da mai ruƙiyya cikin kuɗin, saboda 'yan aikin gida.

Maman Sadiq:
Haba Malam, maganar mamaci ake yi. Baban Ilham, kafin komai ka kwafe filash ɗin nan wuri uku yau ɗin nan. Mijina ya kai wayarsa gyara, hotunan mahaifinsa duka suka tafi, yaron ya ce wai filashin ya yi mata, wato ya wanke ta tas.

Sani Situdiyo:
Wallahi Hajiya kin taɓo min ciwo. Kwamfutar situdiyonmu aka kai gyara, aikin shekara biyar, mai gyaran ya goge bai ko kira ya tambaya ba. Da na yi magana ya ce ai ban ce masa akwai abu a ciki ba.

Alhaji Na Barnawa:
Duk halinsu ɗaya. A karɓi kuɗi kafin aiki, a tafi da kayanka. Ni akwatin nawa kawai nake so ya dawo min da shi ko a ƙone yake.

Baban Ilham:
Na gode ƙwarai, na kwafe Hajiya. Dillali ya turo hoton, ya kuma ce akwai wani mai so, zuwa Juma'a. Injiniya na tura maka ta akwatin saƙo, da fayil biyu, ka duba min ko akwai layin fiyano a ciki. Ɗaya daga ciki sunan Hajiyarmu ya sa masa.

Dauda Jos:
Alhaji, mai gyaran nan naka, dogo ne mai tabarau? Don akwai wanda ya tafi da gudumomin fiyanon wata makaranta a nan tun kafin azumi, har yanzu muna nemansa.