Tambayoyin intabiyu wajen ɗaukar masu rubuta manhaja: waɗanne ke da amfani?

Bakano_Tech: Assalamu alaikum. Ƙaramin kamfani ne zai ɗauki mutum biyu masu rubuta manhaja. Shin tambayoyin nan da aka saba, irin su "mene ne rauninka?", "ina kake son kai nan da shekara biyar?" da FizzBuzz, suna fito da wanda ya iya aiki kuwa?

Injiniya_Z: Wa alaikumus salam, Malam. Biyun farko ka watsar, amsarsu haddatacciya ce. FizzBuzz kam riƙe shi, amma na tacewa ne kawai. Aikin shi ne a rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi, da zai jero 1 zuwa 100: lambar da 3 ke rabawa ba saura a rubuta Fizz, ta 5 Buzz, ta duka biyun FizzBuzz. Minti goma ya isa. Mai rauni yakan fara duba 3, sai 15 ta fito Fizz. Cin wannan dai ba shaidar ƙwarewa ba ce.

Hajiya_Kod: Tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa ma haka. Laszlo Bock, shugaban sashen ma'aikata na Google a lokacin, ya ce a 2013 ɓata lokaci ne. Ni dai shawarata, ku ba mai neman aikin ciwon kai irin naku na gaske. Misali manhajar biyan kuɗi da ke cire wa mutum sau biyu idan netiwok ya yanke ya sake danna maɓalli. Ba shi minti 45. Ku lura: ya fara karanta bayanan sabar, wato babbar kwamfutar da manhajar ke aika wa buƙata, ko ya afka canza kod? Ya yi tambaya? Amsa mai kyau ita ce kowace hada-hada ta samu lambar shaida tata, rumbun bayanai ya ƙi karɓarta karo na biyu. Wanda ya ce a kashe maɓallin kawai bai gama ba, domin wayar kan sake tura buƙatar da kanta. Kowa a ba shi aiki iri ɗaya, kowane mai tantancewa ya sa makinsa 1 zuwa 4 kafin a tattauna, in ba haka ba ra'ayin oga kowa zai bi.

Injiniya_Z: Gaskiya ne, Hajiya, amma kada a tsaya masa a ka. Binciken Jami'ar Jihar North Carolina da Microsoft na 2020 ya nuna ƙoƙarin masu warware matsala a allo ana kallonsu ya ragu da fiye da rabi. Bar shi da kwamfutarsa da intanet.

Bazazzagi: Idan kuma aikin gwaji za ku ba shi ya yi a gida, kada ya wuce awa uku. Tunda ChatGPT na iya rubutawa, idan ya kawo ku zauna minti 20, ku sauya masa sharaɗi ɗaya, ya gyara a gabanku yana bayani.