Gwajin jinin zuciya ga mai ciwon suga: wa ya taɓa yi?

Maman Fadi, Garwa: Salamu alaikum 'yan zaure. Shekara tara ke nan Babanmu yana fama da ciwon suga. Kwanan nan in ya taka zuwa masallaci sai ya tsaya a hanya ya huta, da yamma kuma takalmi ba ya shiga ƙafarsa. Shi cewa yake zafin Garwa ne da tsufa. Likita ya rubuta mana wani gwajin jini, NT-proBNP. Wa ya san shi? Kar dai cin kuɗi ne kawai.

Malam Sali, Marwa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ni gwajin suga na HbA1c kaɗai na sani, wata uku-uku. Bari Anti Nas ta shigo.

Anti Nas, Ngaundare: Ga ni. Maman Fadi, ba cin kuɗi ba ne. In jini ya matsa wa zuciya har bangonta ya miƙe, sai ta zuba wani sinadari cikin jini, shi ake aunawa. Suga kuwa a hankali yake sa naman zuciya ya yi tauri, ta kasa sakewa ta cika yadda ya kamata, mutum yana yawonsa bai ji komai ba. Shi ya sa a 2022 ƙungiyar ciwon suga ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa yi wa masu suga wannan gwaji sau ɗaya a shekara ko ba alama. In lambar ta kai 125 ko ta wuce, sai a yi hoton zuciya, wanda muke cewa eko. Amma Baba ya wuce zancen bincike tun da wuri, haki da kumburin ƙafa alamu ne. Kada ku bari sati ya zagayo.

Maman Fadi: Innalillahi. To in ta haura, shi ke nan zuciyar ta lalace?

Anti Nas: A'a, kwantar da hankalinki. Tsufa na ɗaga lambar, ciwon ƙoda ma haka, da bugun zuciya marar tsari. Mai ƙiba sosai kuma tasa kan sauka ko da akwai matsala. Ku haɗa da gwajin ƙoda na kiriyatinin da gwajin furotin na fitsari, likita ya duba su tare.

Alhaji Buba, Kusseri: Abin da ya same ni ke nan zan faɗa. Na yi a wani labo, wato ɗakin gwaji, nan, na sake a Injamena bayan wata biyu, lamba ta biyu ta ninka ta farko ban san sau nawa ba. Kwana uku ban yi barci ba, har na fara lissafin bashin da ake bina. Ashe na farko BNP ne, wani gwajin zuciyar daban, na biyu NT-proBNP, ma'auninsu ba ɗaya ba, kuma ba wanda ya gaya mini. Ku duba sunan da ke kan takarda, ku riƙe labo ɗaya.

Malam Sali: Alhaji, ai da ka fara da nawa bashin.

Baban Yusufa, Garwa: Ki fara tambaya a reshen Centre Pasteur ko babban asibiti ko suna yi, kafin ki ɗauko tsoho cikin rana. Anti, troponin fa? Shi aka yi wa yayana.

Anti Nas: Troponin na nuna naman zuciya ya ji rauni, an fi neman shi in ana zargin jijiyar zuciya ta toshe. Mai suga kan yi wannan ba ciwon ƙirji, sai gumi da kasala. Wannan sai asibiti nan take. Maman Fadi, me Baba yake sha don gwiwa?

Maman Fadi: Diklofenak, kusan kullum, daga mai tebur.

Anti Nas: To a tsayar, yana riƙe ruwa a jiki yana wahalar da ƙoda. A rage gishiri da dunƙulen miya, kanwa ma ta fita daga tukunyarsa. Ki tambayi likita zancen dapagliflozin ko empagliflozin, magungunan suga ne da ke kare zuciya, amma sai ya ga ƙoda tukuna. Kar ki saya da kanki.

Maman Fadi: Na gode Anti. Sai ya je da yunwa?

Anti Nas: Ba sai da yunwa ba, ya karya ya sha maganinsa. Ki zuba duk kwalayen magungunansa a leda ki tafi da su, har na mai teburin.