Sikanin ɗin ciki yana taɓa ƙwaƙwalwar yaro? Muhawarar gurup ɗin gidanmu

Gwaggo Ladi: Salamu alaikum. Ku saurari muryar nan da aka turo min. Mutumin ya ce sikanin ɗin da ake wa masu ciki dafa ƙwaƙwalwar jariri yake, shi ya sa yaran yanzu ba sa riƙe hadda. Maman Khalifa, da ke nake, an ce kin sake zuwa.

Maman Khalifa: Gwaggo, a wajen awo aka tura ni fa, a Asibitin Murtala.

Baffa Bala: Ni dai na yarda da mutumin. Abin da zai ratsa fata ya hango ƙashi ai ba banza ba ne. Wajen hoton ƙirji ma hana masu ciki shiga ake yi.

Anti Hauwa: Yaya Bala, wancan eksire ne, aikinsu ba ɗaya ba. Sikanin sauti ne wanda kunne ba ya ji, yana shiga ya bugi jikin jariri ya dawo, na'ura ta mai da shi hoto. Tun 1958 wani likita a birnin Gilasgo na Birtaniya, Ian Donald, ya wallafa aikinsa a kai, kuma yaran da aka fara dubawa da shi yanzu jikoki gare su.

Abba: Anti, amma maganar tana da tushe. A 2006 an yi gwaji a Jami'ar Yale ta Amurka da ɓeraye masu ciki. Waɗanda aka ɗora wa na'urar minti 30 ko fiye, an ga wasu 'yan ƙwayoyin ƙwaƙwalwar 'ya'yansu ba su isa inda ya kamata su zauna ba.

Baffa Bala: To kun ji!

Anti Hauwa: Na san gwajin, Abba. Cikin ɓera sati uku ne gaba ɗaya, kan ɗan tayinsa bai kai ƙwayar wake ba, kuma kafe na'urar aka yi a wuri guda. Mu a asibiti yawo muke da ita a kan ciki, a kan jaririn ba a daɗewa. Ka duba na mutane mana. A ƙasar Nowe an raba mata gida biyu, wasu aka yi musu sikanin, wasu ba a yi ba, aka bi yaran har suka kai shekara 8 zuwa 9, ba a ga bambanci a karatunsu da rubutunsu ba. A Fat ta Ostireliya an kwatanta masu sikanin biyar da masu guda ɗaya. Jariran masu biyar sun ɗan gaza nauyi a haihuwa, amma zuwa shekara 8 girmansu da maganarsu da ɗabi'unsu duk ɗaya. Abin da ya ɗan fito a Nowe da Suwidin kawai shi ne masu aiki da hagu sun ɗan fi yawa a cikin maza.

Gwaggo Ladi: Bahago kuma? Innalillahi. Hauwa, wannan ne ƙaramin abu?

Anti Hauwa: Yaya, bambancin kaɗan ne, ba a ma tabbatar sikanin ne ya jawo ba. Kuma autanki bahago ne, ke da ba ki taɓa kwanciya a gadon sikanin ba.

Abba: Amma na'urorin wancan lokacin ba su kai na yanzu ƙarfi ba. A farkon shekarun 1990 Amurka ta ɗaga iyakar ƙarfin da aka yarda da shi kusan ninki takwas.

Anti Hauwa: Nan kam ka yi gaskiya. Sauti yana iya ɗan ɗumama nama idan aka daɗe, musamman kusa da ƙashi. Shi ya sa akwai lambar zafi a gefen allon da mai dubawa zai riƙa lura da ita, kuma dofla, wanda ake duba gudun jini da shi, ana taƙaita shi a watanni ukun farko. Ni abin da ke ɓata min rai masu zuwa shago duk wata don a gaya musu mace ce ko namiji kafin su shiga Kwari sayayya, da masu ɗaukar bidiyon fuskar jariri su ɗora a waya. Hukumar magunguna ta Amurka ma ta ja kunne a kan wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a 2016 ta ce a yi guda ɗaya kafin sati 24, ƙari sai da dalili.

Baffa Bala: To a bar shi gaba ɗaya mana, a huta.

Anti Hauwa: Idan mabiyiya ta tare hanya, ko tagwaye ne, ko yaro ya kwanta a gicciye, wa zai gaya maka? Sai jini ya ɓalle da tsakar dare. Yaran da nake gani ƙwaƙwalwarsu ta taɓu, doguwar naƙuda ce, ko jijjiga, ko ciwon shawara da aka zauna da shi a gida ana shanya jariri a rana.

Gwaggo Ladi: Ni dai har yanzu raina bai kwanta da maganar hagun nan ba.

Maman Khalifa: Anti, an rubuta min wani a wata na takwas saboda kwanciyar yaron. In je?

Anti Hauwa: Ki je, ki tafi da katin awonki da takardar na baya.